Gasar robot ta 'yan sakandare: me ke raba tawagar da ta ci da wadda ta faɗi?

Duk lokacin da aka tashi daga gasar mutum-mutumi ta ɗaliban sakandare, tambayoyi biyu ne ke yawo tsakanin iyaye da masu makarantu a Kaduna. Ta yaya makarantar da ta zuba miliyoyi wajen sayo kaya za ta dawo hannu rabbana, wata mai akwatin kaya ɗaya tilo ta shige gabanta? Kuma me ya sa na'urar da ta yi aiki tsaf a gaban shugaban makaranta ranar Alhamis za ta kama dawurwura a filin gasa ranar Asabar? Masu irin wannan tambaya za su ƙaru, domin sabuwar manhajar da gwamnatin tarayya ta fitar a 2025 ta sa fasahar dijital cikin darussan dole na babbar sakandare, makarantu da dama kuma na ganin buɗe kulob ɗin robot ne zai nuna ba a bar su a baya ba.

Amsoshin da aka saba ji uku ne: sun fi mu kuɗi, malaminsu ne ya haɗa musu, ko kuma sa'a ce kawai. Kowace na da ƙamshin gaskiya. Sai dai wanda ya tsaya a bakin teburin gasa ya lura da kyau zai ga cewa abin da ya fi raba tawagogi shi ne ko robot zai iya maimaita aiki ɗaya sau goma bai kauce ba. Kuɗi da koci da wutar lantarki suna da tasiri ne gwargwadon yadda suke ba yara damar yin gwaji.

Ba gasa ɗaya ba ce

Robot ɗin da ake magana a kai ba mai siffar mutum ba ne. 'Yar na'ura ce mai tayoyi, da ƙwaƙwalwar da ake loda wa umarni daga kwamfuta, da ƙananan injina masu juya taya da ɗaga hannu, da sensa, wato abin da ke auna haske ko nisa ko kwanar da na'urar ta yi.

Gasar FIRST LEGO League na cikin waɗanda aka fi sani a makarantun Najeriya, gidauniyar Coderina ce kuma ke shirya ta a ƙasar. Uwar ƙungiyar, FIRST, Dean Kamen ne ya kafa ta a Amurka a 1989. Tawaga ba ta wuce yara 10, teburin wasa kusan mita 2.4 ne a tsawo da 1.1 a faɗi, kowane zagaye minti biyu da rabi ne, kuma robot shi ke tuƙa kansa, babu rimot. A FIRST Tech Challenge na'urar ta ƙarfe ce, ba ta wuce inci 18 ta kowane ɓangare a farkon wasa, tana tafiyar da kanta na daƙiƙa 30, sannan ɗalibai su karɓi tuƙi na minti biyu. VEX V5 ma kusan haka take: daƙiƙa 15 na tuƙa kai, minti ɗaya da daƙiƙa 45 a hannun direba. World Robot Olympiad, wadda aka fara a 2004, tawagar yara biyu ko uku take karɓa, kuma an san ta da dokar ba-zata da ake sanarwa a ranar gasa. Sai kuma ƙananan gasa da makarantu da cibiyoyin fasaha ke shiryawa a gida, inda aka fi amfani da Arduino, wani ƙaramin allon lantarki da ke zama ƙwaƙwalwar na'urar, wajen haɗa robot mai bin baƙin layi ko mai kauce wa shinge.

Kowace da abin da take aunawa. Wata daidaiton umarni take nema, wata ƙwarewar hannun direba, wata kuma saurin gyara a cikin 'yan sa'o'i. Saboda haka tawagar da ta yi fice a ɗaya ta sha kaye a wata ba abin mamaki ba ne.

Lissafin da ke kayar da tawaga

A ce robot zai yi ayyuka 8 a jere a fita ɗaya, kowane aiki kuma yana yin sa daidai sau 9 cikin 10. A ido wannan ƙwararren robot ne. Amma damar ya kammala duka takwas ɗin babu tangarɗa kashi 43 cikin 100 ce kawai, domin ana ninka damar kowane mataki ne da na gabansa. Idan aka gyara kowane aiki ya kai sau 98 cikin 100, damar ta haura kashi 85. Wannan shi ne bambancin tawagar da ta gwada hanyarta sau uku ta ga ta yi, ta tafa, da wadda ta gwada sau talatin tana rubuta inda aka kauce a kowane karo.

Abin da ke cutar sababbin tawagogi shi ne kwaɗayin maki. Sukan duba takardar dokoki su ce sai sun taɓa kowane aiki da ke kan teburi, su haɗa hannu mai ƙugiya da giya barkatai, su ƙare da na'urar da ke iya komai amma ba ta tabbatar da komai. Tsofaffin hannu suna fara lissafa maki nawa kowane aiki ke bayarwa, daƙiƙa nawa yake ci, da nisansa daga wurin tashi. Sai su zaɓi biyar ko shida da ke kusa da juna su ƙware a kansu. A FIRST LEGO League akwai ma hukunci a kan sa hannu: ana ba tawaga alamomi 6 masu ɗauke da maki, duk sanda aka ɗauke robot da hannu a wajen gidansa, wato wurin da yake tashi, sai a cire ɗaya. Na'urar da ke maƙalewa asara biyu take jawowa, ga lokaci ga maki.

Ƙananan abubuwan da ke kan teburi

Kaucewar digiri ɗaya a wurin ajiye robot kan zama kusan santimita 1.7 bayan tafiyar mita ɗaya, 3.5 bayan mita biyu. Ƙugiyar da aka auna ta shiga zobe mai faɗin yatsa biyu ta riga ta wuce shi. Shi ya sa tawagogin da suka san aiki ba sa ajiye na'ura da ido. Suna haɗa wani ɗan ma'auni da za a jingina da bangon teburi, a zura robot a ciki, ta yadda ko wane yaro ne ya ajiye shi wuri ɗaya zai tashi. A tsakiyar tafiya kuma sukan sa shi ya ja da baya ya dafa bango ko ya tsaya a kan baƙin layi, don ya goge kuskuren da ya tara kafin ya nufi aiki na gaba.

Sai yadda ake rubuta umarni. Mai koyo yakan ce wa robot ya yi gaba na daƙiƙa biyu. Da cikakken batir zai yi nisa, da batir ya yi sanyi sai ya tsaya kafin wurin. Wanda ya sani yana ƙirga juyin taya ne. Tayar LEGO mai faɗin milimita 56 tana cin santimita 17.6 a juyi ɗaya, don haka tafiyar santimita 50 juyin digiri 1,023 ce, ko batir ya cika ko bai cika ba. Sensar kwana da ke cikin ƙwaƙwalwar SPIKE Prime, akwatin kayan haɗa robot na LEGO, na taimakawa wajen miƙe tafiya, da sharaɗin a bar na'urar a ajiye ba motsi lokacin kunna ta, a kuma mayar da ma'aunin sifili kafin kowace fita. Yaron da ya kunna ta yana riƙe da ita a hannu yana tafiya zuwa teburi na iya ɓata zagayen tun ba a busa usur ba.

Haske ma haka. A ajin da ake atisaye, sensa na iya karanta fari 90, baƙi 20, a sa iyaka a 55. A zauren gasa mai manyan fitilu, ko kusa da tagar da rana ke shigowa, lambobin sun canza, sai robot ya wuce layi bai gan shi ba. Maganin ba ya cin ko kwabo: a kafa sensar tsakanin santimita 1 da 2 daga ƙasa, a yi mata 'yar rumfa ta tare hasken waje, a kuma rubuta gajeren umarnin da zai sake auna fari da baƙi a kan teburin gasar kansa.

Yanayin Kaduna na da nasa rabon. Ƙurar hunturu kan kwanta a kan shimfiɗar teburi da robar taya, taya ta riƙa santsi, injin ya ƙirga juyinsa daidai amma na'urar ba ta kai inda aka nufa ba. Goge tayoyi da ɗanyen ƙyalle kafin kowane zagaye da rufe teburi bayan atisaye na cikin abubuwan da ke raba maki. A zafin Maris da Afrilu kuwa, injinan VEX V5 suna rage ƙarfinsu da kansu idan zafinsu ya kai digiri 55, don kada su ƙone. Tawagar da ta ɗora wa inji giyar gudu ta sa shi ɗaukar nauyi za ta ga hannun robot ya mutu a zagaye na uku ko na huɗu, a ce an yi musu baki, alhali zafi ne.

Masu Arduino: matsalar ta fi yawa a wuta da waya

Mafi yawan makarantun da ba su da ƙarfin sayen LEGO ko VEX a nan suke, kuma kurakuransu kusan iri ɗaya ne. Na farko batir mai kusurwa huɗu na bolt 9, wanda ba ya iya ba inji ƙarfin da yake ja. Da taya ta motsa sai wuta ta faɗi, Arduino ya mutu ya sake tashi daga farko. Batir 18650 guda biyu a jere sun fi, suna ba da bolt 8.4 a cike, amma kasuwa cike take da na jabu: duk wanda aka rubuta wa 9,900mAh ƙarya ce, na gaske bai cika wuce 3,500 ba. Na biyu allon L298N mai sarrafa injinan taya, da kowa ke saye don arha, wanda ke shanye kusan bolt 2 kafin wuta ta isa inji. Takwaransa TB6612FNG bai kai shi asara ba. Na uku, injinan nan masu ruwan ɗorawa babu biyu da ke juyawa da gudu ɗaya, kuma ba sa ƙirga juyinsu, don haka robot zai riƙa karkata gefe sai an daidaita gudun kowane a cikin umarni.

Na huɗu shi ya fi ɗaukar rai a ranar gasa: wayoyin da aka soka kawai a allon gwaji mai ramuka, ba tare da dalma ba. A kan benci lafiya lau suke. A sa na'urar a kwali, a ɗora a mota daga Kafanchan ko Zariya zuwa Kaduna, ko daga Kaduna zuwa Abuja, waya ɗaya ta saki, a kwashe sa'a guda ana zargin umarni. A liƙe kowace waya da dalma, a ɗaure su, a raba wutar inji da ta ƙwaƙwalwa amma a haɗa wayarsu ta ƙasa, wato ta GND.

Lokaci, wuta da kalandar makaranta

FIRST LEGO League kan fitar da sabon wasa a watan Agusta, lokacin da makarantunmu ke dogon hutu, FIRST Tech Challenge kuma a Satumba. Makarantar da kayanta suka iso a kan kari ta soma da wuri. Wadda ta jira amincewar kasafi, sannan jigila, sannan kwastan, ta rasa makonni kafin ta buɗe akwati. Ga jarrabawar zango, ga hutu, ga ɗaliban aji shida da JAMB da WAEC da NECO ke janyewa daidai lokacin da suka fi kowa ƙwarewa.

Abin da aka fi gani shi ne a cinye kusan duk lokacin wajen haɗa jikin robot, a miƙa wa masu rubuta umarni saura kwana uku. Tsarin da ya fi aiki shi ne a kammala ƙasan na'urar mai tafiya a makonni biyun farko, masu umarni su fara aiki a kai, a kuma tsayar da duk wani sabon ƙari saura mako biyu gasa, a bar sauran kwanakin ga maimaici kawai. A gasar da ake tuƙi da rimot, direban da ya yi sa'o'i yana atisaye da na'ura mai sauƙi yakan doke wanda ya fara riƙe na'ura mai ƙayatarwa a daren jajiberi.

A nan makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo dama, domin tana da yamma da ƙarshen mako. Wuta ma ba janareta babba take nema ba. Laftof ɗaya da cajar batir ƙaramar sola da inbata na ɗaukarsu, amma rashinsu na iya mayar da atisayen sa'a biyu zaman jira.

Kuɗi ne ko koci?

Masu cewa kuɗi ne suna da hujja mai ƙarfi. An riƙa sayar da akwatin SPIKE Prime wajen dala 400. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, hakan kusan naira 184,000 ne. Da dala ta kai 1,500 sai ya koma naira 600,000, ban da jigila da kwastan da kuɗin rajista da kayan teburin da ke canzawa kowace shekara. Mai hali yana sayen akwati biyu, ana gyara ɗaya ana gwada ɗaya, yana da safayar inji da batir. Marar hali inji ɗaya ya ƙone, kakar ta ƙare.

Ɗaya ɓangaren na nuni da FIRST Global Challenge, wadda aka fara a birnin Washington a 2017, inda kowace ƙasa ke tura tawaga ɗaya kuma kowa ke karɓar kaya iri ɗaya, duk da haka sakamako ke shan bamban. Suna kuma kawo misalin 'yan matan Methodist Girls' High School da ke Mamfe a Ghana, waɗanda suka zo na ɗaya a rukunin manya na gasar Robofest ta duniya a jihar Michigan ta Amurka a 2019. Nasarar ba daga sama ta faɗo ba. Tun 2011 gidauniyar da Dakta Ashitey Trebi-Ollennu, injiniya a hukumar NASA, ya kafa take horar da ɗaliban sakandaren Ghana tana shirya musu gasa.

Idan aka auna hujjojin biyu, kuɗi ne ke ba da damar shiga fili, amma da zarar an samu akwati ɗaya cikakke da teburi mai ma'aunin gaskiya, ƙarin kuɗi ba ya ƙara maki kamar yadda ɗorewa ke ƙarawa. Kulob da yawa a hannun mutum ɗaya suke, sau tari ɗan bautar ƙasa. Ya gama shekararsa ya tafi, umarnin na cikin laftof ɗinsa, akwatin ya koma sito. Haka idan duk 'yan tawaga 'yan aji shida ne, sun fita an koma farko. Tawagar da ke da littafin aiki, inda ake rubuta abin da aka gwada da dalilin da ya sa bai yi ba, take kuma cuɗa manya da 'yan aji uku da huɗu, kowace shekara daga inda ta tsaya take ɗorawa.

Hannun manya

Zargin cewa malami ne ya haɗa ba koyaushe ƙage ba ne, kuma ra'ayi ya rabu a kai. Wasu na ganin yaro ya fi koyo idan yana aiki kafaɗa da kafaɗa da injiniya, babbar gasar FIRST ta manyan na'urori ma a kan wannan fahimtar aka gina ta. VEX da FIRST LEGO League kuwa sun tsaya a kan cewa aikin na ɗalibai ne, babba ya koyar ya ja gefe. Ko wane ra'ayi mutum ya bi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Alƙalai kan tambayi yaro me ya sa ya zaɓi wannan giyar, ko ya nuna layin umarnin da ke juya robot hagu. Idan aka sanar da dokar ba-zata, ko waya ta saki saura minti goma, koci na bayan igiya. Tawagar da aka yi wa aiki takan yi kyau a zagayen farko, ta tsaya cik da zarar wani abu ya canza.

Sa'a, da makin da ba a kan teburi yake ba

Sa'a na nan, amma tana da iyaka. A FIRST Tech Challenge da VEX ana haɗa tawaga biyu su kara da wasu biyu, kwamfuta ce ke zaɓen abokin ƙawance a wasannin share fage. Da yake wasannin kaɗan ne, ƙwararriyar tawaga na iya faɗowa ƙasa don an haɗa ta da na'urorin da ba su motsa ba. Sai dai a zagayen ƙarshe tawagogin da ke sama su ke zaɓen abokansu, kuma wanda suka ga yana cin maki iri ɗaya a kowane wasa suke nema, ko da matsayinsa a jadawali ya yi ƙasa.

Akwai kuma abin da ke rikita iyaye: tawagar da ta fi maki a teburi ba lallai ita ce zakara ba. A FIRST LEGO League wasan teburi kashi ɗaya ne cikin huɗu. Sauran ukun su ne bayanin ƙirar robot, aikin bincike a kan wata matsala ta zahiri, da ɗabi'ar aiki tare. Ana yin bayanin da Turanci, kuma a nan yaranmu da dama ke zubar da maki, ba don ba su san aikin ba, sai don ba a saba musu da tsayawa gaban baƙo su yi magana ba. Kunya a gaban babba tarbiyya ce a gida, amma alƙali abin da ya ji yake rubutawa. Ana magance wannan da atisaye kamar na tuƙi: yaro ya fara bayani da Hausa har tunaninsa ya miƙe, sannan ya maimaita da Turanci a gaban malaman da bai saba da su ba, kowa a tawagar ya samu abin faɗa.

Abin da hakan ke nufi ga iyaye da makarantu

Uban da aka ce ya biya kuɗin kulob yana da haƙƙin tambaya fiye da ganin hoton kofi. Yara nawa ne a kan akwati ɗaya? Idan talatin ne, biyu ne ke taɓawa, saura 'yan kallo ne. Sa'a nawa ake atisaye a mako? Akwai teburi? 'Yarsa na rubuta umarni da ɗaure noti, ko an ajiye ta ne a wurin yin bayani da ƙawata allo, kamar yadda ake yawan yi a makarantun da ke cuɗa maza da mata?

Ga mai makaranta ko hukumar da ke sayo wa makarantun gwamnati kaya, haɗarin shi ne a zuba kasafin duka a akwatuna. Ya fi amfani a rage yawansu a ware kuɗin safaya, batir, sola, motar zuwa gasa da ɗan alawus ɗin malamai biyu na dindindin, don tafiyar ɗaya kada ta rufe kulob. Teburi kafinta na iya haɗa shi da filawud matuƙar an ba shi ma'auni daidai. Masu gasar da ta yarda da kayan gida suna da Panteka, inda ake yankan alminiyom da walda da ƙera ƙananan sassa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, Jami'ar Jihar Kaduna, cibiyar fasaha ta sojan sama (AFIT) da ABU Zariya kuma na da ɗaliban injiniya da kwamfuta da za a iya nema su riƙa leƙo kulob a ƙarshen mako.

Tazarar da ta fi wuyar cikewa ita ce ta ƙwarewar filin gasa. Tawagar da ke fita sau ɗaya a shekara tana haɗuwa da hayaniya da agogo da baƙon teburi ne karon farko a ranar da ake ƙirga maki. Makarantu uku ko huɗu na yanki ɗaya, a ce Malali da Kawo da Unguwar Rimi, ko Tudun Wada da Sabon Gari a Zariya, na iya haɗuwa kowane wata a zaure ɗaya su yi wasan sada zumunci da agogo da alƙali da takardar maki, kowane karo a wata makarantar dabam, don na'urorin su saba da sabon haske da sabon teburi, a kuma ga wayar da za ta saki a hanya.